Fijon Taubashina Ba Sammu Aka Yi Mata Ba, Boris Take Nema

Zuwa ga taubashina, ɗan gwaggona, bawan gidanmu tun kaka da kakanni, sarkin direbobin da babu wanda ya naɗa shi, mai tsohuwar Fijo 504 ɗin nan da duk tashar Gummi ta san tarinta. Ina gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. A gaida Gwaggo da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya da haƙurin zama da kai. A kuma gaida matata da na ba ka ajiya, a ce mata ina nan tafe da zarar na sami motar da za ta kawo ni Gummi da haƙorana cikakku.

Kada ka ce na tona maka asiri a jarida. Na so mu yi maganar nan mu biyu, to amma wuri ɗaya ake samunka, cikin mota, kuma a motarka ba a hira. Duk wanda ya buɗe baki tsakanin Ɗaki Takwas da Nasarawar Burkullu, ko dai ya ciji harshensa ko kuma maganarsa ta fito guntu-guntu har a zaci masassara ce ta kama shi. Shi ya sa na zaɓi takarda, ita ba ta rawar murya.

Ga abin da ake faɗa a kanka a tashoshi, kuma ban ƙara gishiri ba sai ɗan kaɗan. An ce wata Bafulatana ta shiga motarka da ƙwaryar kindirmo a Gummi, kafin a iso Anka man shanu ya taso, ta sauka tana sa maka albarka don ka rage mata aiki. An ce wani dattijo da haƙori ya hana shi barci ya kama hanyar asibitin Gusau, aka kai Mayanci ya ce a sauke shi, buƙata ta biya, haƙorin na cikin hularsa. An ce masu kai ƙwan zabi kasuwa sun yi taro sun haramta wa kansu motarka. Mai shayin Ɗaki Takwas kuma ya rantse ba ya buƙatar agogo, da ya ga shayi na rawa a kofi ya san ka baro Gummi. Ni dai abin da na gani da idona shi ne madubin gabanka, wanda in ka duba shi sai ka ga motoci uku a bayanka alhali babur ɗaya ne.

In an yi maka magana sai ka gyara hula ka ce, “Wagga mota lahiyatta lau, hanya ta ka girgiza mutane.” In an ce ai ko a kan sabuwar kwalta haka take, sai ka ce yaran da ke jan Golf ne suka yi mata sammu don kana ƙwace masu fasinja. Wane fasinja, taubashi? Wanda duk ya shiga motarka a yau, ko dai baƙo ne a garin, ko kuma bashi yake nema.

Bari in lissafa maka abin da ka kashe wa kuɗi, don na bi diddigi. Ka canza tayoyin gaba, ba ta daina ba. Ka canza shokozoba, ba ta daina ba. Ka sa an wanke kafireta, an canza fulogai, an yi wa salansa walda har ta fi asalinta nauyi. Ka cusa tsumma a bakin kowace ƙofa, ka ɗaure sandar giya da robar tsohon tif. Daga nan ka koma turare da hayaƙi, har yaron motarka ya fara tari irin nata. Duk abin da ido ke gani a jikin motar nan ka taɓa shi. Abin da ke ciwo kuwa yana ɓoye cikin bututu a ƙarƙashin kujerar fasinja, girmansa bai cika tafin hannu ba, sunansa boris.

Kafin in shiga bayaninsa, bari in ba motarka haƙƙinta, don ita ba ta yi mini laifin komai ba, mai ita ne matsala. A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Doguwar irin taka mai layin kujeru uku ta biyo baya a 1971. A 1975 masana’antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa Fijo, kuma a zamanin mulkin soja na Obasanjo 504 ta zama motar gwamnati tun daga kan shugaban ƙasa har zuwa manyan ma’aikata. A gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, inda motoci ke kakkaryewa a daji, 504 ta zo ta ɗaya a 1975 a hannun Ove Andersson, ta sake ci a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Yayarta 404 kuwa sau huɗu ta ci gasar a shekarun 1960. Faransa ta daina ƙera 504 ƙirar gida a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara ashirin bayan nan.

Taka dai da lambar SO ta fara yawo, tun Gummi da Anka da Bukkuyum na ƙarƙashin Sakkwato. Ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, motarka ta riga ta tsufa. Ta girmi jihar, ta girmi yaron motarka, ta girmi bakaniken da ke kwance ta. Kullum kana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na yarda. Amma ban taɓa jin an ce a bar tsohuwar zuma a buɗe ƙuda na bi ba.

Yanzu ka buɗe kunne, ubangidanka zai koyar da kai sana’arka. Golf da Sharon da suka cika tashoshinmu da ƙafar gaba suke ja, inji da giya da aksul duk suna wuri ɗaya a gaba, ba ruwansu da farfela. Motar Kanta da manyan motoci da ƙafar baya suke turawa, in ka leƙa ƙarƙashinsu za ka ga farfela a fili tana juyawa. Fijo ma da ƙafar baya take turawa, amma in ka leƙa ƙarƙashin 404 ko 504 irin taka ba za ka ga abin da ke juyawa ba. Abin da za ka gani shi ne katon bututun ƙarfe da ya tashi daga bayan giyabos ya tafi ya manne da aksul na baya. Farfelar na cikinsa, doguwa, siririya.

Wannan bututu ba ado ba ne, aiki uku yake yi. Na farko, yana rufe farfela daga yashi da laka da duwatsu, kuma kai da ke shiga ƙauyukan Bukkuyum da damina ka fi kowa sanin amfanin haka. Na biyu, duk lokacin da ka taka totur, ƙarfin da ke juya tayoyi gaba yana neman murɗe gidan aksul ta baya, bututun ne ke riƙe shi ya hana shi wuntsilawa. Na uku, turin da tayoyin baya ke yi ta cikin bututun yake bi ya isa jikin mota, ta wani dunƙulallen mahaɗi da ke bayan giyabos, wanda ke ba shi damar hawa da sauka yayin da aksul ke bin gargada. Tun da bututu ya ɗauke wannan nauyi, sai Faransawa suka sami damar sa sifirin masu laushi da ke lotsawa sosai, biyu-biyu a kowane gefe a doguwar irin taka. Abin da ya sa ke nan iyayenmu ke cewa Fijo tana shanye rami. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, Ford Model T ta 1908 da irin wannan bututu ta fito.

To ina boris ya shigo? Ka ɗauki dogon karan dawa, ka ba yara biyu su riƙe bakinsa nan da can su murza shi da sauri. Tsakiyarsa za ta fara lanƙwasa tana kaɗawa tana zana da’ira a iska. Ka sa yaro na uku ya zagaye tsakiyar da yatsunsa, nan take karan zai nutsu. Aikin boris ɗin da ke tsakiyar bututu ke nan. Injiniyoyi sun lissafa cewa idan aka sa wa doguwar sanda madogara a tsakiya, gudun da za ta iya juyawa kafin ta fara wannan kaɗawa yakan ninka sau huɗu. In madogarar ta cinye, ninkin ya tafi.

Ka kuma san irin gudun da ake magana. A giya ta huɗu, farfelar Fijo juyi ɗaya take yi da inji. Idan inji na juyi 3,000 a minti, farfela na juyi 50 ke nan a daƙiƙa guda, kuma a lokacin motar ba ta ma kai kilomita 100 a awa ba. Ka ƙiyasta ƙarfe mai wannan tsawo yana dukan gefen gidansa sau hamsin kafin ka ce “Bisimilla”. Bututun kuwa a manne yake da giyabos da aksul, saboda haka duk dukan da ya sha sai ya raba wa kowa: daben mota, kujeru, sandar giya, gilasai, da ƙashin bayan fasinja. Wannan shi ne sammun da yaran Golf suka yi maka.

Me ya kashe boris ɗin? Shekaru sun ci rabonsu, amma rabonka ya fi yawa. Na ɗaya, giris. A 404 har ɗan baki aka yi wa bututun don ɗura wa wannan boris giris, kuma duk inda Faransawa suka bar irin wannan baki a ƙarƙashin motarka, rabonsa da ganin giris tun kana saurayi. Laka ta bushe a kansu har sun ɓace. Na biyu, lodi. Motar da aka yi wa mutum bakwai ko takwas, kai sha biyu kake zubawa, ban da na goye, ga buhunan gero a but, ga akuya, ga babur a kan kariya. Bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama, kuros ɗin da ke bakin farfela yana aiki a karkace, boris na shan wuya. Na uku, ruwa. Kai ne ba ka jiran rafi ya janye. Da ka ga wani ya ƙetare da jaki sai ka ce Fijo ba ta fi jaki tsoro ba. Ruwan da ya sami hanyar shiga bututu ba ya saurin fita, yana kwance yana cin ƙarfe, ya mai da ragowar giris taɓo.

Na san halinka, za ka ce ɗan boko ya karanta takarda ya zo yana koya wa direba mota. To kada ka yarda da ni, gwada da kanka, ba ko kwabo. Ka sami miƙaƙƙiyar kwalta da rana tsaka, ba fasinja, ka kai motar daidai gudun da take fara rawarta. Na san malejinka ya mutu tun zamanin Shagari, don haka ka auna da haƙoranka. Da ta fara, ka sa ta a firi ka ɗaga ƙafa daga totur. In rawar ta tsaya da saukar inji, matsalar ta inji ce ko robobin da yake zaune a kai, ka zo ka ci tarata. In kuwa inji ya yi shiru amma rawar na nan, sai da gudun mota ya ragu ta ragu, to abin da ke juyawa tare da tayoyi ne.

Daga nan sai ka rarrabe. Tayar gaba da ba ta daidaita ba a sitiyari ake jin ta, hannu ne ke rawa. Boris na taya kuka yake yi, kuma kukan na sauyawa in ka sha kwana dama ko hagu. Tayar da ta kumbura tsalle take sa mota, ɗaya bayan ɗaya, har kana iya ƙirgawa. Ta farfela ba ta ƙirguwa, domin kafin taya ta juya sau ɗaya farfela ta juya kusan sau huɗu. Gurnani ne mai kauri da ke tasowa daga ƙasa, ta tafin ƙafa da mazauni, ka ɗora hannu kan sandar giya ka ji tana zillo. Ka tambayi duk wanda ya taɓa zama layin tsakiya a motarka wanne ya ji a cikin waɗannan. In ya iya tuna wani abu.

Yanzu ga labarin da zai faranta maka rai, don na san ka da son girma. Ciwon motarka ciwon masu kuɗi ne. A Jamus, Porsche 924 da ta shiga kasuwa a 1976, da 928 ta 1977, da 944 da ta biyo su a farkon shekarun 1980, duk da bututun farfela aka yi su. Ferrari ta Italiya ta sa wa 275 GTB irinsa a 1966 bayan farfelar fili ta dame su da rashin daidaito. Corvette ta Amurka ta koma kansa a 1997. Ita 928 ma ta ci kambun motar shekara a Turai a 1978, wanda 504 ta riga ta ci da shekara tara. Ka ga ke nan kana da abin faɗa a tasha gobe, kuma na san kafin la’asar labarin zai koma cewa kai da mai Porsche uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Dalilinsu dai ya bambanta da na Fijo. Su motocin gudu ne, suna son nauyin gaba da na baya ya zo kusan daidai don motar ta kama ƙasa a kwana. Sai suka bar inji a gaba, suka kai giyabos can baya wajen aksul, suka haɗa su da bututu. Saboda haka farfelarsu da gudun inji take juyawa a kowace giya, ko da motar na tsaye in dai ba a taka kuloci ba. Shi ya sa suke jera boris fiye da ɗaya a cikin bututun, kowanne a cikin gidansa mai roba. Shekara talatin, arba’in, robar ta bushe, giris ya ƙone, wani boris ɗin ma ya sulale daga mazauninsa ya bar farfela ba madogara. Mai motar yakan gane ne in ya ji ƙara tana tashi daga tsakiya alhali mota na tsaye, ya taka kuloci ta ɗauke.

Ga inda kuka rabu da ’yan’uwan naka. Shi mai Porsche motarsa ba ta ciyar da shi, ranar hutu kawai yake fito da ita ya zaga gari ya mai da ita ɗaki ya lulluɓe. Duk da haka da ya ji wannan ƙara ba ya kwana da ita. Zai sa a sauke giyabos, a sauke salansa, a zaro bututu, a jawo tsofaffin boris da doguwar sanda mai zare, a auna mazaunin kowanne, a mai da sababbi. Kuɗin aikin ya ninka kuɗin kayan sau da yawa, amma yana biya. Kai kuwa da motar ke ciyar da kai da Gwaggo da ’ya’yanka, ita ce gonarka ita ce rumbunka, ka saya mata turare.

Na san abin da ke hana ka, kuma ba kuɗin boris ba ne. Aikin ne ba ka so, domin sai motar ta kwana gareji, kai kuma in ka ga yini ya wuce ba ka yi lodi ba sai ka fara ciwon kai. Bakanikenka ma ba ya so. Canza fulogi minti kaɗan ne ya karɓi kuɗinsa, wannan kuwa sai ya ɗaga bayan mota, ya kwance shokozoba, ya raba wayar birkin hannu da tiyon birki, ya ja aksul baya, kafin bututu ya fito. Shi ya sa duk lokacin da ka je yake kallon sama ya ce, “Alhaji, bari mu gwada canza taya tukuna.” Ku biyu kun haɗu kun yi wa juna daɗin baki, farfela na can tana cin kanta. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

In Allah ya sa ka ji maganata, ga sharuɗɗa. Ka nemi tsohon hannu, wanda ya koyi aiki a kan Fijo tun tana tashe. Akwai su a Gusau, akwai su a Sakkwato da Kaduna, ba su ƙare ba. Yaron da ya buɗe ido ya ga Golf, in ka ba shi bututun nan, guntun fayif ɗin famfo zai zura ya bi da guduma, ya fasa sabon tun bai zauna ba. Kafin a fitar da tsohon, a auna zurfin inda yake zaune a yi alama, domin sabon dole ya koma daidai wurin, inda jikin farfela ke da santsin da aka yi masa. A wanke cikin bututun tas, a fitar da tsatsa da busasshen giris. A duba wurin da boris ke hawa a jikin farfela, in ya ci ya yi zurfi, sabon boris ba zai daɗe a kai ba. A mirgina farfelar a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe a ga ko ta lanƙwashe, domin lanƙwasasshiyar farfela ko boris na zinariya ka sa mata sai ta kashe shi. A duba haƙoran bakinta, a duba kuros, a duba dunƙulallen mahaɗin nan na bayan giyabos da robobin da ke riƙe inji da giya. Tun da an riga an sauke, a gama gaba ɗaya. Kada in ji ka ce a mai da tsohon kuros “ya ɗan ƙara taɓawa”.

Sai maganar saye, inda na fi jin tsoronka. Kai ne mutumin da ke taya kaya rabin kuɗi, in an sallama ka ce ka fasa don an yi saurin sallamawa. Kayan Fijo ba su ɓace ba, ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Amma boris na cikin kayan da aka fi yi wa jabu a duniya. Manyan kamfanoni irin SKF na Suwidin da SNR na Faransa sun daɗe suna kuka da masu buga sunansu a kwali su zuba tarkace a ciki. Ka tafi da tsohon a hannu a gwada, ka je wurin mai shagon da ke da suna da zai ji kunyar ɓatawa, in ka ji farashin ya yi daɗi da yawa ka ajiye. Kada kuma a ruɗe ka da na Beljiyam. Ƙofa ko gilashi ko fitila na Beljiyam ba laifi, amma boris ɗin da aka ciro daga gawar wata Fijo sa’ar naka ne, tare suka tsufa. Araha ba ta ado, balle a wurin da sai an sauke aksul kafin a sake ganinsa.

Za ka ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da kake samu a tanki yake ƙarewa. Gaskiya ne, kuma Fijo ba ta san azumi ba. Amma ka tara kuɗin tayoyi da shokozoba da fulogai da walda da turaren da ka saya, ka ga ko ba su yi aikin nan sun yi saura ba.

A nan zan ajiye wasa kaɗan, ɗan gwaggo. Boris ba ya rawa har abada. Wata rana zai yi zafi ya kame ko ya tarwatse, farfela ta ci haƙoranta ko ta karye. Ranar za ka taka totur inji ya yi ta kururuwa mota ba ta motsi, kuma ba gyaran bakin hanya ba ne da za a yi da filaya da waya. A da, in mota ta mutu tsakanin Anka da Mayanci ko a hanyar Bukkuyum, sai a shimfiɗa tabarma a gindin itace, mutanen ƙauye su kawo ruwa da fura, a jira bakanike ko da zai kai gobe. Yau kai da kanka ka san yadda hanyoyin nan suke da ’yan bindiga. Ka san yadda kowa ke duban rana in ta karkata, ka san yadda mota ke yin tsit a wasu wurare, kowa na motsa baki da addu’a. Mutanen da ke bayanka amana ce, da mata da yara da tsofaffi. Abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, amma motar da ta yi shekaru tana faɗa maka ciwonta da babbar murya, in ta tsaya a inda ba a tsayawa, ba za ka ce ba ta gaya maka ba. Ni kuma taubashi ɗaya gare ni da nake jin daɗin zagi, ban shirya neman wani ba.

To ga hukuncina, kuma ɗan namiji in ya yanke ba a ɗaukaka ƙara. Na ba ka daga yau zuwa cika-ciki. Kuɗin sharar da ke tsakaninmu na bana na yafe maganarsu, a zuba su cikin kuɗin boris. In wa’adi ya cika na ji mai shayin Ɗaki Takwas bai sayi agogo ba, zan zo da shaidu in karɓi makullin, tun da bawa da abin da ya mallaka duk na ubangidansa ne. Zan gyara ta, in wanke ta, in rubuta sunana a gilashin baya, in ɗauke ka yaron mota. Albashinka kuwa turaren da ya rage a cikinta.

In kana da ta cewa, filin nan a buɗe yake, ka sa wani ɗanka ya rubuta maka, don na san rubutunka ma ya kamu da rawar. Masu karatu da ke da 404 ko 504 ko 505 a gida, ku ma ku gwada abin da na faɗa masa, in gurnanin daga ƙasa yake tasowa ku daina zargin taya. Kai kuma taubashi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka haƙura da lodin yini biyu, ka sauke bututun nan, ka sa boris na gaske. Allah ya kiyaye hanya, ya kai ka gida lafiya kai da fasinjojinka.